Hancin Baba Sauko

Shekara goma sha tara rumfata tana jingine da tasa a bakin ruwa, fallen kwano ɗaya ne ya raba mu. Ni ina gyaran injin jirgi, shi yana sayar da man da injin ke sha. Sunansa na yanka kuwa, ko ni maƙwabcinsa sai na yi dogon tunani kafin in tuno shi, don tun kafin in kafa rumfa a wurin kowa Baba Sauko yake ce masa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin jirgi ya gama dafa tudu za ka ji muryarsa kamar ta mai rabon faɗa: "Kowa ya sauko!" Tsoho ne kai ko mai ciki, ɗan kasuwa ne kai ko mai kaki, in dai a wurinsa za a sha mai, sai ƙafarka ta taka ƙasa.

Jiragenmu ƙanana ne, na katako, masu kwasar mutum goma sha biyar zuwa ashirin su kai su ƙetare. Kowanne da injinsa maƙale a baya, da jan tanki wanda ake ɗagawa da hannu, da siririn tiyo mai kai mai daga tanki zuwa inji. Cika irin wannan tanki aikin minti biyu ne a wurin kowa. A wurin Baba Sauko sai ka ba da minti goma sha biyar, in kuma ya ga kana duba agogo ya ƙara maka biyar.

Na ga yadda yake yi har na haddace. Sai an kashe inji, an ɗaure jirgi gaba da baya. Sai kowa ya sauka ya koma bayan wani layi da ya shata da fararen duwatsu. Masu shan taba kuwa can gindin bishiya yake kora su, har ashanar aljihunsu yana tambaya. Sannan matuƙi ya cire tiyo, ya ɗauko tankin, ya dire shi a kan wani ɗan dandamalin siminti da Baba ya yi da hannunsa. Bai taɓa zuba mai a tanki yana cikin jirgi ba. Mazurarinsa na ƙarfe ne, da ƙyalle a ciki don tace datti, kuma sai bakin jarka ya taɓa mazurari, mazurari ya taɓa tanki, kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Baƙin man da ake haɗawa yana da gwangwanin awonsa daban. Ba ya cika tanki har wuya, yatsa uku yake bari, wai mai ma yana kumbura in rana ta dake shi. Ya rufe, ya goge tankin tsaf, ya jefa tsumman cikin garwa mai murfi. Bokitin yashi yana gefen ƙafarsa tun daga farko har ƙarshe. Yakan ce wanda ya watsa wa wutar fetur ruwa, jirgi ya ba ta ta hau ta zagaya gari.

Duk wannan somin taɓi ne. In an mayar da tanki an haɗa tiyo, Baba zai tattare rigarsa ya shiga jirgin shi kaɗai. Ya je can baya kusa da inji, ya durƙusa, ya ɗaga katakon daɓe, ya cusa hancinsa ƙasa ya ja numfashi sau uku. Dattijo da furfurarsa, goshi a gindin jirgi, mutum ashirin suna tsaye suna kallonsa.

"Tururin fetur ba ya tashi sama kamar hayaƙi," haka yake gaya wa duk sabon matuƙi. "Nauyi gare shi. Kwanciya yake yi a ƙarƙashin katako yana jiran tartsatsi. Ido ba ya ganinsa, sai hanci."

In ya ji wari, a cire katakai duka, a nemo inda ya zuba, a goge, a jira iska ta yi aikinta. In bai ji ba sai ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa ya ce, "Lafiya lau. Ku shiga, a tada." Kafin wannan magana ta fito ba matuƙin da ya isa ya taɓa igiyar inji.

Tsokana kam ya sha ta. "Baba, me aka dafa a ƙasan?" "Baba, in ka ji ƙamshin kifi a ajiye mana kai!" Ba ya fushi. Iyakarta ya ce, "Yi dariyarka, ɗana. Gara in ji dariyarka da in ji ihunka."

Yatsu biyu na hannunsa na hagu a manne suke, fatar ta yi sulɓi. Sau ɗaya tak ya ba ni labarinsu, ni ma ban sake tambaya ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai, yayansa yana da jirgi. Wata safiya yayan ya zuba mai a cikin jirgi, fasinja suna zaune, kaɗan ya zube. Ya kamfato ruwa ya watsa a wurin, ya ce ya wanke. Baba yana tudu yana kwance igiya. Yayan ya ja inji. Mutum shida aka rasa har da yayan, hannun kuma wajen jawo shi ne ya ƙone.

"Ba wutar ce take damuna ba, Injiniya," ya ce mini. Injiniya yake kirana, ni da ban gama firamare ba. "Na ji warin. Ina kwance igiya na ji shi sarai. Na ce a raina ai Yaya ya fi ni sani."

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To, shi tsallensa ya yi wa mutane rana, don shekara talatin da wani abu ba jirgin da ya sha mai a hannunsa ya kama da wuta. Sai dai wutar da ba ta tashi ba, babu mai zuwa ya yi maka godiya a kanta. Abin da mutane ke tunawa shi ne ranar da ya sa suka makara.

'Ya'yansa maza duk sun watse neman abinci a wasu garuruwa. Wadda ta rage kusa ita ce autarsa, malamar firamare a ƙetare. Fasinja na ce mata Malama, shi kuwa Auta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe za ta iso da jakarta a hannu da jaririnta a baya, ta gaishe da ubanta, ta tsaya bayan fararen duwatsu kamar kowa. Baba yana alfahari da ita. Yakan ce mazan sun gaji tsawonsa, Auta ta gaji hancinsa.

Shekara uku da suka wuce wani mutum ya kafa tankin ƙasa a ƙarshen sabuwar gadar siminti da aka yi wa jirage, ya sa famfo da doguwar mesa mai kaiwa har cikin jirgi. Muka sa masa Mai Famfo. Ba mugu ba ne, yana gaisuwa, yana zuwa jana'iza. Har da jar tukunyar kashe gobara ya rataye a jikin ginshiƙi, wadda ni na san tun da aka rataye ta ba wanda ya duba ko akwai wani abu a cikinta. A wurinsa ba mai sauka. Jirgi ya matso, a miƙa mesa ta kan kafaɗun mutane, a tsiyaya, a tafi. Wani lokaci ma injin yana gurnani ake zubawa. Matuƙa suka ga in sun sha a can suna ƙara sawu guda a wuni. A da jirage goma sha ɗaya ke zuwa wurin Baba. Kafin shekara ta zagayo saura ɗaya, na wani matuƙi da muke ce wa Dogo, wanda a hannun Baba ya koyi sana'a, kunya ta hana shi tafiya. Kuma jirgin Dogo shi ne na ƙarfe bakwai, wanda Auta ke shiga.

Na ce wa Baba ya sassauta ko ya samu su dawo. Ya bar saukar da mutane, ya riƙe sauran.

"In ma duk sun tafi, wannan ɗayan ya ishe ni," ya ce. "Kai kana ganin ciniki nake tsaro?"

A daminar bara mura ta kama shi, mai tsanani, da zazzaɓi. Mako biyu yana fitowa da bargo a kafaɗa ya sallami Dogo ya koma ya kwanta. Ya warke, ya dawo kamar da, sai dai na lura ya rage magana, kuma abincin da matarsa ke aiko masa yana komawa da saura.

Wata rana da hantsi na zaga bayan rumfa neman wani tsohon ƙarfe, na same shi tsugune. Ya tsoma tsumma cikin fetur ya manna a hancinsa yana ja, yana ja, har idonsa na ruwa. Ya ɗago ya gan ni, bai ɓoye tsumman ba.

"Babu, Injiniya," ya ce. "Kamar in shaƙi ruwan randa."

"Tun yaushe?"

"Tun murar nan. Shekaranjiya tukunya ta kama a gida, ina zaune kusa da ita, sai da uwar Auta ta rugo daga ɗaki. Ta dube ni, na dube ta."

Na raka shi asibiti. Likita ya leƙa hancin da 'yar fitila, ya ce abin yakan dawo a wata guda, yakan kai shekara, wani kuma ba ya dawowa. Muka fito da maganin ɗigawa. A hanya Baba ya ce gobe zai gaya wa Dogo gaskiya.

Ni na hana shi. Ina so a san wannan, don har yau shi ne abin da ke ci mini rai. Na ce, "Baba, in ka faɗa, Dogo ya samu ƙofar da yake nema. Jibi za ka gan shi a wurin famfo, da Auta a zaune a ciki. Yanzu ko ba komai ana sauka, ana cika tanki a ƙasa, ana jira. Durƙuson naka ma yana sa iska ta samu lokacin shiga. Ka yi shiru har hancin ya dawo."

Muka yi tafiya mai nisa. Sannan ya ce, "To kai ka riƙa shinshina mini. Ka yi kamar kana duba inji."

Na ce ai ni hannuna da rigata duk fetur ne, warin kaina kawai zan ji. Akwai gaskiya a ciki. Amma gaskiyar da ta fi ita ce ba zan iya kafa goshi a gindin jirgi a gaban mutane ana tambayata me aka dafa ba. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma Baba ya gane. Bai sake roƙona ba.

Haka ya ci gaba wata bakwai. Yana durƙusawa, yana jan numfashi sau uku, amma yanzu da yatsu yake aikin. Ya shafa katako ya duba ko da maiƙo, ya ƙura wa ruwan da ke kwance a gindin jirgi ido ko zai ga kalar nan mai walƙiya da fetur ke yi a kan ruwa. Ya ƙara tsawon jira har fasinja suka fara ƙorafi. Duk sanda zai ce "lafiya lau", sai na ga ya saci kallon Auta tukuna. Ya rame. Maganin ɗigawa ya ƙare, ya sayi wani, shi ma ya ƙare.

Sai ga Dogo wata Talata da yamma, tiyonsa ya tsage a tsakiya. Ba ni da sabo a rumfa. Na yanko tsohuwar robar cikin tayar keke, na naɗe wurin tam, na ɗaure da waya, na ce wannan zai kai shi Juma'a kafin in sayo. Na san fetur yana cin irin wannan roba, ya mayar da ita kamar danƙo. Ko ɗan koyo ya san haka. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Dogo bai tuna ba, ni ma ban tuna ba, kuma ba wanda ya gaya wa Baba.

Safiyar da abin ya faru, wani magini ya yi lodin buhunan siminti takwas a bayan jirgin, daidai kan katakan da tiyon ya bi ta ƙarƙashinsu. Aka yi komai yadda aka saba. Mutane suka koma bayan duwatsu, aka cika tanki a kan dandamali, aka goge, aka mayar. Dogo ya haɗa tiyo, ya matsa 'yar ƙwallon robar da ke tura mai zuwa inji, ya matsa, ya sake matsawa, yana mitar wai yau ta ƙi tauri. Da ina kusa da na gane. Ina cikin rumfa ina fama da farfelar wani inji.

Baba ya shiga, ya durƙusa, ya ɗaga katako ɗayan da siminti bai danne ba. Ya shafa, ya duba, ya ja numfashinsa uku. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Lafiya lau. Ku shiga, a tada."

Mutane suka shiga. Auta ta samu wuri a bencin baya, ta sauko da goyonta ta ɗora a cinya. Dogo ya kafa ƙafa, ya kama igiyar inji.

"Dogo, kar ka ja!"

Muryar ta sa na yar da abin da ke hannuna na fito. Auta ce a tsaye, ta rungume jaririn a ƙirji.

"Kar ka ja, don girman Allah. Akwai mai a ƙasa. Kowa ya sauka."

"Haba Malama," in ji Dogo, "ai Baba ya duba."

"Na ce akwai mai."

Ba ta kalli ubanta ba. Mutane suka fara jan hanci, ɗaya bayan ɗaya, sai kuma aka shiga turereniyar fita. Aka sauke siminti, aka ɗaga katako na biyu. Fetur ne kwance a gindin jirgin, ya kai rabin kwano, robata kuma ta narke ta zame, tiyon yana ɗiga. Warin ya bugi har waɗanda ke tsaye a tudu. Wayar filogin injin Dogo kuwa a ƙoƙe take, tana tartsatsi duk sanda aka ja, wannan ma na sani.

Aka yi ta salati. Sai maginin nan, mutum mai baki kamar reza, ya juyo ya ce, "To Baba, kai da ka sa hanci a ciki, wannan warin da ko mai mura zai ji, ya aka yi?"

Yana da hanyar fita. Yana iya cewa siminti ne ya tare, ko bayan ya tashi ne man ya zubo, kuma da an yarda. Ya tsaya da tsumma a hannu, ya dubi man, ya dubi jikansa.

"Wata bakwai ke nan ban ji warin komai ba," ya ce.

Auta ta sa gefen mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuwa ina tsaye a baya da maiƙo a hannu, ban ce tiyon aikina ba ne. Laifi tudu ne, na take nawa ina kallon na Baba tare da kowa. Da yamma na je na faɗa wa duk wanda zai saurara, amma labarin roba ba shi da daɗin ba da wa kamar labarin hanci, ba wanda ya ɗauka.

Na yi zaton mutane za su ce, ga shi, abin da tsohon nan yake faɗa gaskiya ne, tururi yana kwanciya a ƙasa, hanci ne ya cece mu. Wallahi haka na zata. Ashe ban san mutane ba. Abin da aka kwasa aka yaɗa shi ne, wata bakwai yana durƙuson banza kuma ba abin da ya ƙone, ashe dama can wasan kwaikwayo ne. Wa ya sani ma ko shekara talatin ɗin duk haka ne? Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko ka sauka ko kar ka sauka. Har aka samu masu kwaikwayonsa a gindin bishiya, mutum ya durƙusa ya ja hanci ya ce "lafiya lau", a fashe da dariya. Na jefi ɗayansu da sifana, Allah Ya sa ban same shi ba.

Baba ya sami Dogo har gida. Ni na raka shi, ko zan rage nauyin da ke kaina.

"Ɗana, ba na ce ka yarda da hancina ba," ya ce. "Ya mutu. Amma naka yana da rai. Ni in zuba, kai ka durƙusa. Numfashi uku ne kawai."

Dogo yana ta wasa da makullin da ke hannunsa. "Baba, ka yi haƙuri. Fasinja sun ce in na sake tsayawa wurinka za su koma jirgin ƙarfe takwas. Ina da iyali. Kuma ni in kafa kai a ƙasa a gabansu, bayan abin da ake faɗa yanzu?"

"To ko a wurin famfon, ka sauke su kafin a zuba."

"Zan gwada, Baba."

Bai gwada ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, tunda ni ma da aka roƙe ni ban yi ba.

Ranar Litinin jirgin ƙarfe bakwai ya ɗauki mutane ya matsa ƙarshen gada wurin Mai Famfo. Kafin a miƙa mesa, mutum ɗaya ya tashi ya fito. Auta ce. Ta hau gada da goyonta, ta ja baya taku ashirin ta tsaya ita kaɗai, har aka gama. Sannan ta koma, ta sunkuya a bayan jirgi kamar mai gyara takalmi, ta zauna. Baba yana kallo daga ƙofar rumfarsa. Ranar ya cinye abincinsa tas.

Kwana tara tana haka. Ana mita, ana cewa 'yar Sauko ta gaji Sauko. A rana ta goma, tana tsaye a kan gada wasu mutum biyu suka faɗa jirgin da kayansu, wurinta ya cike, fasinja suka yi ta yi wa Dogo ihu ya tafi. Ya tafi. Na ƙarfe takwas ya zo a cike, sai na tara ta samu. Shugaban makarantarsu ya ba ta takardar gargaɗi, ya ce akwai masu jiran gurbinta. Da yamma ta biyo ta rumfar ubanta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe ba ta tashi ba.

"Baba, in na rasa aikin nan..."

"Na sani, Auta."

"Zan riƙa zama a gaba, nesa da inji."

"Jirgin duka taku nawa ne?" ya ce. Sai kuma ya ce, "Tashi ki je gida, yaron zai sha iska. Allah Ya yi miki albarka."

Tun daga ranar ba ta sake sauka ba. Takan zo ta gaishe shi da safe kamar kullum, ta wuce ta shiga jirgi, kuma in an matsa wurin famfo ba ta juyowa ta kalli tudu.

Rumfar Baba tana nan, amma ba mai a cikinta. Jarkokin ya wanke ya kife. Mazurarin yana rataye a ƙusa, fararen duwatsun kuma yara sun kwashe rabi. Masu babur sun so ya riƙa sayar musu a kwalba, ya ce ba zai sayar da abin da ba ya jin warinsa ba. 'Ya'yansa sun ce ya zauna a gida ya huta. Ba ya zama. Ƙarfe bakwai saura zai iso, ya ɗauki bokitin yashinsa, ya taka har farkon gada, iyakar inda Mai Famfo ya yarje masa ya tsaya. Daga nan zuwa jirgin ya fi taku arba'in. Ni da shi duk mun san in abin ya tashi, kafin tsoho ya kai taku biyar an gama. Ban taɓa faɗa masa ba, kuma yanzu nakan bar aikina in je in tsaya kusa da shi.

Yau da safe ma muna can. Jirgin a cike, mesa ta bi ta kan mutane, wani a tsakiya yana laluben aljihu, ni dai ina addu'a ba taba yake nema ba. Yaron Auta ya yi wayo yanzu, yana zaune a cinyarta yana wasa da igiyar jakarta. Mai Famfo ya cika tanki har ya yi ambaliya, ya girgiza mesar, ya janye. Sai na ga Auta ta ja gefen mayafinta ta rufe wa yaron hanci.

Baba ma ya gani. Ya kama hannuna da yatsun nan nasa masu sulɓi.

"Ta rufe masa hanci, ko?"

"Ta rufe."

"Akwai wari ke nan."

Leɓensa ya motsa, na san "sauko" ce kalmar da ke bakinsa, amma ba ta fito ba. Dogo ya kafa ƙafa ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya kama. Jirgin ya juya ya nufi ƙetare, muna tsaye har muka daina rarrabe mayafinta da na sauran mata.

Sannan Baba ya saki hannuna, ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa.

"Yau ta wuce," ya ce. "Saura gobe."